Kunkunniyar da Kaka Hajara ta wanke

Gidanmu na unguwar Mount Hope a Amurka ba shi da murhu, sai hitar ƙarfe a ƙarƙashin taga, wadda in sanyi ya kama take ta ƙwanƙwasawa. Nan Kaka Hajara ke miƙe ƙafa bayan magariba, mu jikoki mu kewaye ta kafin a sauke tuwo. Tana ba mu labari da Hausar zangon Kumasi, muna jefa mata tambaya da Turanci, ta yi kamar ba ta ji ba. Ni take kira maigidanta, wai mijin da ko gaisuwa bai iya ba.

Labarin da muka fi roƙo ba tatsuniya ba ce. Kafin ta zo Amurka, Kaka ta yi jinyar wata tsohuwar Baturiya a wani ƙauyen Ingila, a gidan da matar ta gada. Gidan ba lokaci ɗaya aka gina shi ba. Tsakiyarsa wani babban zaure ne na dutse, ƙofarsa sai ka sunkuya. Wani jikan gidan ya zo ya manna masa sashen jan bulo da dogayen bututun hayaƙi. Wani ya ƙara fuska mai ginshiƙai da manyan tagogi a jere, don baƙi su san an samu. Na baya ya kafa ɗakin gilashi na furanni.

"Kuma ba wanda ya rushe na ubansa," in ji Kaka, tana ɗaga yatsa. "Kowa gefe ya raɓa ya yi nasa."

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Katakan rufin zauren baƙi ƙirin suke da kunkunniya, wato baƙin hayaƙin nan da ke taruwa a saman ɗakin girki. Ranar jajiberin Sallah ta kasa haƙuri. Ta ɗauko tsani da buroshi da ruwan sabulu, ta hau. Ta goge kusan kamu biyu na katako guda, har farin icen ya fito, sai ga tsohuwar ta shigo tana dogara sanda. Ta ɗaga kai, ta saki ihu.

Ashe wannan baƙin shi ne abin alfaharin gidan. Tun zamanin da ba a san bututu ba yake, lokacin da ake hura wuta a tsakar zaure, hayaƙi ya nemi hanyarsa ta rufi. Masana kan zo daga nesa su dube shi, da shi suke gane shekarun ginin.

A nan muryar Kaka kan yi ƙasa. In aka kore ta, ba ta da wurin kwana, ga mahaifiyarmu tana makaranta a Kumasi, da wannan aikin ake riƙe ta. Ta haɗa jakarta, ta yi Sallah cikin fargaba. Da hantsi tsohuwar ta kira ta, ta tambaye ta dalili.

"Na ce mata, Madam, a garinmu in Sallah ta tarar da kunkunniya a ɗaki, matar gidan ake zagi. Ni kuwa gidan nan nawa na ɗauke shi."

Sai tsohuwar ta ce kada a shafa wa wurin komai, a bar shi yadda yake, Kaka kuma ta mai da jakarta ɗaki.

Muna yara, dariya kawai muke yi, mu ce Kaka ta wanke tarihi. Sai da na girma na gane irin girman matan nan biyu: ɗaya ta ɗauki gidan wasu tamkar nata, ɗayar ta yarda cewa haka ne.

Bayan rasuwar Kaka, aiki ya kai ni Ingila, na nemi gidan. Yanzu baƙi ke zuwa kallonsa. A zauren, mai yi mana jagora ta haska rufi da tocila, ga farin tabo nan a jikin baƙin katako. Ta ce kowane sashe na gidan sun san wanda ya yi shi, amma wannan ba su san ko aikin waye ba ne.

Na ɗaga hannu, na ce ta rubuta: Hajara, daga Kumasi.