Ranar da Yaya Ta Cire Mayafi

Yayata lauya ce, kuma a gidanmu na Kinkinau da aikin muke tsokanarta. Ko nama aka raba ba daidai ba sai wani ya ce, "A kira Yaya ta duba mana tsarin mulki." Takan yi dariya ta ce mu ci gaba, ranarmu na zuwa.

Dab da wata Babbar Sallah aka kwance ragon layyarta a ƙofar gida da rana tsaka. Ba a je ko'ina ba ƴan sintirin unguwa suka cafke mutumin da ya sace shi a bayan shagon mai faci. Kafin mu fito sun tuɓe shi, daga shi sai gajeren wando, sun ɗaura masa igiyar ragon a wuya za su zaga da shi layi-layi. Kowa ya ɗaga waya. Mutumin magidanci ne, har da furfura. Ya durƙushe ya cusa fuska tsakanin gwiwoyi, ana ƙoƙarin ɗago kansa, yana ta cewa, "Don Allah kar ku ɗauki fuskata, ƴaƴana mata za su gani."

Yaya ta ratsa taron. Matar da ko shagon maƙwabta ba ta zuwa ba mayafi, sai ga ta ta zare shi ta lulluɓe mutumin tun daga kai.

"Haba Hajiya," in ji shugaban ƴan sintirin, "ragonki fa ya sata!"

"Na sani, Malam. Mu kai shi wurin ƴan sanda, ni zan ba da shaida. Amma tsarin mulkin ƙasar nan ya hana a wulaƙanta mutum, ko da ɓarawo ne. Ragon nawa ne. Mutuncinsa kuwa ba nawa ba ne, balle naku."

Da hannunta ta kwance masa igiyar. Haka ta taka har bakin titi da ɗankwali kawai, ta tare musu keke napep.

Bidiyon ya zaga unguwa, ana ta tsegumi. Har goggonmu ta bugo daga Doka tana faɗa, wai Yaya ta zubar mana da mutunci a gaban maza. Raina ya ɓaci ƙwarai da maganganunsu, ita kuwa ko a jikinta. Ban taɓa alfahari da ita kamar ranar ba.

Na sha kallon bidiyon nan. Fuskar Yaya ta fito tar. Tasa ba ta fito ba ko sau ɗaya.