Kabejin da Baba Ya Aika Gidan Surukai

Har yanzu in na ji warin maganin feshi sai yawu ya cika mini baki, in nemi inda zan tofar. Kuma a ƙauyenmu, nan gefen Kura, babu inda za ka gudar masa, don daga bakin kanal ɗin ban ruwa har bayan katangarmu komayen kabeji ne, wato fangalolin da ake shuka shi.

Tun ina ƙarama na san kabeji iri biyu ne a gonar Baba: na kasuwa da na gida. Na gida komi ɗaya ne can ƙarshen gona, ba a yi masa feshi. Ganyensa duk huji kamar rariya. In ka ɓare sai ka ga 'yan korayen tsutsotsi suna mutsu-mutsu, ga kashinsu a maƙale a lungun ganye. Ƙyanƙyami yake ba ni, amma shi muke ci. Umma ta jiƙa shi a ruwan gishiri, su taso sama, a zubar. Na kasuwa kuwa sumul, yana sheƙi, ko ƙuda ba ya sauka a kai. Babu wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce kar mu ci shi. Mun dai sani.

Da na gama sakandare, ni na koma kai wa Baba abinci gona, a nan na ga sauran. Tsutsar ta daina jin magani. Malamin bayoloji ya taɓa gaya mana cewa wadda feshi bai kashe ba ita ke hayayyafa, 'ya'yanta su gaji taurinta. Haka kuwa aka yi. Baba ya haɗa wannan kwalba da waccan, ya ƙara ƙarfi, tsutsa na nan. Sai aka koma tsomawa. Ranar yanka a zuba ruwan kanal a duro, a tsiyaya magani har ruwan ya yi fari kamar nono, a riƙa tsoma kowane kan kabeji kafin a sa a buhu, don kar tsutsa ta leƙo a hanya dillali ya ƙi kaya. Matattun tsutsotsi na yawo a cikin kumfa. Masu tsomawar su goge hannu a wando, su zauna su ci tuwon da na kawo.

Na ce, "Baba, mutane fa za su ci wannan."

Ya ce, "'Yan birni suna wankewa. Ajiye kwanon ki tafi."

Ranar da abin ya faru ma ranar yanka ce. Mijin yayata ya zo gonar a kan babur. Yaya tana aure a wani ƙauye bayan Bunkure, gidan masu shanu da shinkafa, ba su san harkar kabeji ba. Cikinta na fari ya tsufa, kuma babu abin da take marmari kamar kwaɗon ɗanyen kabeji da ƙuli-ƙuli. Ya durƙusa ya gai da Baba, ya faɗi abin da ya kawo shi.

Na ruga komin gida na yanko guda biyu. Baba na ganinsu ya haɗe fuska.

"Wannan za a kai gidan surukai? Su ce abin da muke nomawa ke nan? Mai da shi."

Ya je tarin na kasuwa ya zaɓo manya, ruwan duron bai ko gama tsanewa a jikinsu ba, ya sa a buhu, ya ɗaure a bayan babur da hannunsa. Na matsa na ce a hankali, "Baba, an tsoma su." Ya yi mini kallon da ake yi wa wanda ya yi tusa a cikin taro. Sannan ya ce wa surukinsa, "A wanke da kyau." Shi ke nan abin da ya ce.

Mijin Yaya ya ta da babur yana yi mini dariya. "'Yar boko, ni ba ki da abin ba ni sai harara?"

Na ɗaga murya na ce, "Ka ce kar ta ci, don Allah!"

"Rowa dai, ƙanwata! Kabejin ma sai kin yi mana?" Ya ja babur ya tafi. Tsokana ya ɗauka, don kullum haka muke da shi.

Na kira wayar Yaya, a kashe. Daga baya na ji tana wurin mai caji. Na je gida da gudu na gaya wa Umma. Ba ta tambaye ni komai ba, hijabi ta miƙo mini ta ce, "Tafi." Mai adaidaita ya ƙi tashi sai ya cika, sannan muka maƙale a bayan motar shinkafa. Ban isa ba sai da rana ta yi sanyi.

A tsakar gida na sami Yaya kan tabarma, kwanon kwaɗon a gefenta, saura kaɗan. Uwar mijinta ce ta yanka da kanta, ta ɗauraye sau ɗaya, ta kwaɗa mata don kyautatawa. Yaya ba ta ga kabejin ba sai a yanke. Yawu na zuba daga bakinta har wuya, gumi ya jiƙe zaninta, naman fuskarta na rawa, ƙwayar idonta ta ƙanƙance kamar kan allura. Ta yi amai a ƙafata. Wallahi warin duron nan ne ya taso, shi ɗin dai, haɗe da ƙuli-ƙuli. Tsohuwa tana ta yi mata hayaƙi, wai iska ce ta buge ta. Hannun Yaya duka biyu a kan cikinta.

Mijinta ya nemo mota muka ɗauke ta, a hanya na kira Umma. Ba mu daɗe da isa asibiti ba Baba da Umma suka iso. Nas ta tsaya a kanmu tana tambaya, "Me ta ci? Me ta sha? Ku yi magana mana!"

Tsohuwa ta ce, "Kabeji ne kawai, 'yar nan, daga gidansu. Mai kyau, ko huji babu."

Nas ta juya ga Baba. Ya dubi takalminsa, ya dubi surukan, ya ce, "Ko zazzaɓi ne?"

Ban taɓa jin ƙyamar wani abu kamar wannan maganar ba, ko tsutsar, ko aman. 'Yarsa na kwance tana shaƙewa da yawunta, shi kunyar surukai yake ji. Na ce, "Sista, an tsoma shi a maganin feshi yau da safe. Da idona na gani."

Nas ta ce, "Wane iri?" Sai a sannan Baba ya buɗe baki ya faɗi sunayen, ƙasa-ƙasa, har sai da ta ce ya maimaita. Suka sa mata ruwa, suka riƙa yi mata allura suna duba idonta, har yawun ya tsaya.

Yaya ta tashi. An ɗora na'ura a cikinta, muka ji bugun zuciyar jaririn, da sauri-sauri. Amma da na tambayi nas ko lafiya zai fito, sai ta ce ba ta yi mini alƙawari ba, mu dai riƙa zuwa awo, in ya daina motsi mu taho ko ina muke.

Baba ya ce na tsiraita shi a gaban surukai, gaisuwata ma da ka yake amsawa. Ni kuma na tattaro kayana na dawo wurin Yaya sai ta haihu. Da safe kafin in gaishe ta nake tambaya, "Ya motsa?" Yau ta daɗe ba ta amsa ba, tana lalube. Sannan ta kamo hannuna ta ɗora a ƙarƙashin haƙarƙarinta, muka jira, har na ji ya ture ni.