Sista Rabi da tambayarta kafin ɗinki

Kullum da safe Sista Rabi Auwalu takan tako daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa ƙaramin asibitin da take karɓar haihuwa a Tarauni. Kafin ta buɗe fulas ɗin shayinta sai ta janyo durowa ta duba zaren ɗinki: mai saurin narkewa a jiki gefe guda, mai jimawa gefe guda. Watan nan za ta yi ritaya, ni kuwa har yau ban gama gane ta ba.

Na san ta ne ranar da na raka yayata Husaina haihuwar fari. Kan yaron ya yi girma, dole aka yi mata ƙari. Ina bakin ƙofa ina kuka ina addu'a, sai ga Sista ta leƙo, ta ce, "Ke ƙanwa, wa zai yi mata wankan jego?"

Na yi sororo. Mutum na kwance a yanke, ana zancen wanka? Na ce Gwaggo Hauwa ce, ƙanwar babanmu, daga ƙauye za ta zo. Ta tambaya ko Husaina na jan ruwa a rijiya, ko banɗakinsu na tsuguno ne. Duk na ce eh. Ta gyaɗa kai ta koma. Wallahi na ɗauka wani mugun labari take lalubar hanyar faɗa min.

Sai daga baya wata ma'aikaciyar ta ce haka take yi wa kowa. Macen da za ta samu hutu, takan sa mata mai saurin narkewa, don kada ya daɗe yana sukarta. Wadda aiki da tafasasshen ruwa ke jira a gida, takan zaɓa mata mai jimawa. Gidan mace take dubawa kafin ta ɗauki allura.

Amma zare ba ya hana gwaggo zama gwaggo. Muna komawa Unguwa Uku ta ɗora tukunya, ta ce ruwan da bai sa mai jego ihu ba wasa ne. Bayan suna ta ga bakin zare a wurin, ta ce an manta ba a cire ba, ta aika a sayo reza. Na ce an ce da kansa yake narkewa. Ta ce, "Zare sai ka ce sukari? 'Yar boko, matsa min." Husaina ta riƙe hannuna gam. Ni kaina na fara shakka: to idan Gwaggo ce da gaskiya fa? Na dai kira Sista.

Da la'asar sai ga ta a adaidaita sahu. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta durƙusa ta gaida Gwaggo, ta yabi kunun kanwarta, ta sha kofi guda. Sannan ta ce, "Inna, ɗinkin nawa ne, jinyar taki ce. Ki bar min zarena, ni kuma na bar miki 'yarki." Ta tsoma gwiwar hannunta a bahon ruwan wankan, ta ce ruwan da Inna za ta iya jurewa haka, shi ne daidai. Gwaggo ta tsoma, ta zare da sauri, ta ce a surka. Rezar kuwa farce ta yanke da ita.

Ke ce, Sista, mai ɗinkin da ba a nunawa a taro. Ke ce kike aikin da idan ya yi kyau sai ya ɓace, har mai shi ta manta sunanki. Ta yaya ake gode wa irin wannan? Ni dai ban sani ba. Allah ya saka miki, ya ba ki lafiyar cin hutunki. Ku kuma masu tasowa a ɗakin haihuwa, ku gaji tambayar nan, ko da za a yi muku kallon da na yi mata.

Jiya a walimar bankwananta na ga Husaina ta zauna a tabarma, ta tanƙwashe ƙafa, ba ta karkata gefe ba, ba ta cije leɓe ba. Gwaggo na kusa da ita tana gaya wa wata mata cewa ita tun tana yarinya da gwiwar hannu take auna ruwan jego.