Kwalbar da Goggo ta juye a randa

Wallahi abin nan a gidanmu ya faru, a Dutse Uku cikin Jos, wata damina shekarun baya. Ni ba mai yawo ba ce, ko babbar kasuwa sai in yi wata uku ban leƙa ba, ina gida ina suyar awarata ina kula da Babanmu, don haka kar ku ce a wani wuri na jiyo.

Baba tsohon leburan kuza ne, da ya tsufa sai mantuwa ta kama shi, ya ci abinci ya ce ba a ba shi ba, ya riƙa kira na da sunan mahaifiyarmu da ta rasu, in aka yi sakaci da ƙofa kuwa sai ya ɗauki sandarsa wai zai tafi aiki.

To yayana Sani direban tirela ne, Legas yake zuwa. Wani zuwa sai ga shi da 'yar kwalba kamar ta maganin ciwon ido, wai wata mai shago ce a bakin teku ta ba shi. Ya nuna mini hoto a waya, wata halitta kamar balan-balan shuɗi tana yawo a kan ruwa, ga wasu igiyoyi zarara a ƙarƙashinta. Ya ce in igiyar ta taɓa mutum kamar an tsula masa bulalar wuta, ko ta mutu tana harbi, kuma wai ba dabba ɗaya ba ce, taro ne suka manne, wannan ya ɗaga su saman ruwa, wannan ya yi farauta, wannan ya ci, in aka raba su duk su mutu.

Na ce, "Yaya, dafi ka kawo wa Baba?"

Ya ce, "Ke dai da baki. Ko taɓa ta ba a yi, kwanon ruwa ake ajiyewa kusa da ita a rana, wai ya ɗauki ƙarfinta. Ɗigo huɗu a ƙarƙashin harshe, yana tattaro hankalin da ya watse."

Na ce a raina an yi wa Yaya wayo. Ya ajiye ya koma hanya.

Ashe Goggo Hajara ƙanwar Baba tana jin mu. Washegari na fito na tarar ta juye kwalbar kaf a randa, tana motsawa da moɗa. Na ce, "Goggo! Ɗigo huɗu fa aka ce!" Ta ce, "Ɗigo huɗu me zai yi wa babban mutum? Zamzam ma haka muke yi, a ƙara a randa kowa ya samu." Ta ba Baba, ta sha, ta ɗura mini, ta kira maƙwabciyarmu Maman Dung ta miƙa mata ta katanga, ta aika wa Malam Isa tela da ke zauren gidan. Mu biyar. Ruwa dai ruwa, ko ɗanɗano babu.

Kwana uku da yin haka, da hantsi ina suya, sai na ji gidan ya yi shiru. Ni kunnena kullum yana kan ƙwanƙwasar sandar Baba, ko ina cikin hira. Na leƙa, ƙofa a buɗe. Innalillahi! Muka duba masallaci, muka duba wajen mai shayi, layi-layi har azahar ba wanda ya gan shi, ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin.

Ina dawowa tsakar gida sai na ji tsau a ƙaurina na hagu, har sai da na durƙusa. Na ɗaga zani, layi uku jajaye sun kwanta kamar shatar bulala. Goggo ta ƙwalla ƙara daga ɗaki. Maman Dung ta faɗo gidan ba sallama tana cewa, "Wayyo ƙafa na yana cin wuta, mene ne kun ba ni?" Malam Isa ya bar kekensa ya shigo da ɗingishi. Duk ƙafar hagu, duk wuri ɗaya.

Abin mamaki, in na juya wajen duwatsu sai zafin ya lafa, in na juyo gida ya taso. Kuma ina jin wani shuuu a kunnena, yana zuwa yana komawa, irin ƙarar da ban taɓa ji ba. Ba wanda ya ce mu tafi, kawai muka tsinci kanmu a hanya mu huɗu muna ɗingisawa, mutane na kallo, har muka fita bayan gari inda tsofaffin ramukan haƙar kuza suke, ciyawa ta rufe bakinsu. A bakin wani rami zafin ya ɗauke ɗif.

Baba na ciki, ruwa har ƙirjinsa, ƙafar hagu ta karye.

Wallahi ba mu yi shawara ba. Goggo ta cire mayafinta, Maman Dung ta kwance zaninta na sama, Malam Isa ya ƙulla su ya sauka. Ni na kwanta a bakin ramin, Baba ya ɗago ya kira ni da sunan Innarmu, na amsa masa yadda ita take amsawa, na ce, "Na'am Malam, ga ni, riƙe Isa da kyau, tuwo ya sauka." Maman Dung manomiya ce, ta kafa ƙafa a dutse ta ja, muka kama mata, Goggo na salati da ƙarfi. Muna fito da su ruwan sama ya ɓarke, kafin mu yi nisa na waiga, ramin ya cika ya batse.

Kai, ku zo ku ga shigarmu unguwa! Malam Isa ya goyo Baba, mun jiƙe sharkaf, Goggo na rangaɗa guɗa, Maman Dung na waƙar cocinsu, mata na fitowa suna tafi. Baba daga bayan tela ya ce, "Yau oga ya tashe mu aiki da wuri." Muka yi ta dariya muna kuka.

Mantuwar dai ba ta warke ba, gaskiya ɗaya ce. Ƙafar ta ɗore, shatar jikinmu ta yi mako ta ɓace. Yaya ya koma wajen mai shagon, ta rantse masa ruwa ne kawai, ita ba ta taɓa jin irin wannan ba.

Baba ya ƙara shekara huɗu a cikinmu, yana cin tuwonsa yana faɗansa. Ranar da ya cika, wajen ƙarfe goma na safe ne, lafiya lau ya karya kumallo. Ko lulluɓe shi ba mu gama ba, ba mu kira kowa ba, sai ga sallama. Maman Dung ce, wadda ta daɗe da komawa Vom, tana ɗingishi. Ta ce, "Tun da asuba ƙafa na ya tashe ni, na ce bari na zo na gaishe da Baba."

Har yau in ƙaurina ya yi tsam, sauke kasko nake in kira waɗanda muka sha ruwan tare ɗaya bayan ɗaya, sai na ji muryar kowa nake komawa suya.

'Yan'uwa, in an ce muku ɗigo huɗu, ku tsaya a huɗun. In kuwa har za ku raba, to ku dubi wanda za ku miƙa wa moɗar da kyau, don ni nawa Allah Ya haɗa ni da na kirki.