Hankakan Iya Dije da Baƙin Zare

Shekarar da soja suka miƙa mulki na sha wuya, ba kaɗan ba. Aiki ya buɗe, kowane sabon kansila yana son hula mai launin jam'iyyarsa, ni kuma a lokacin idona ya fara cin amanata. Kore da shuɗi suka zame mini abu ɗaya. Wani Alhaji ya dawo mini da hula har gida a Gwale, ya ce, "Malam Sani, wannan tutar wace ƙasa ce?" Mutane suka yi dariya. Ɗinkin hula kaɗai na iya, kuma baki bakwai nake ciyarwa.

Ina zaune a soro da hular a hannu sai kakata Iya Dije ta faɗo mini a rai. Muna yara, in an idar da isha'i, mukan kewaye murhunta tana saƙa faifai. Baƙi da fari kawai take sawa, layi ya hau, ya karye, ya sauko, kusurwa cikin kusurwa. Hannu na aiki, baki na tatsuniya.

Akwai ta hankaka. Wai tsuntsaye sun tafi marina a rina su saboda biki. Hankaka ya makara, ya tarar launi duk ya ƙare, saura baƙin tukunya da alli. Ya hau kuka. Wata tsohuwa mai rini ta ce ya tsaya cak, ta shafe shi da baƙi, ta ja masa fari a ƙirji. A wajen biki aka yi ta yi masa tsiya. Da magariba ta kawo kai, ja da kore duk suka dushe, shi kaɗai ake ganewa daga nesa.

Na taɓa tambayarta me ya sa ba ta sa ja a faifanta.

Ta ce, "Kai da surutu. Ja ya gudu daga idona tun kana goye. Waɗannan biyun ne ba su guje ni ba."

A da na ɗauka labarin makara ne, don mu riƙa tashi da wuri. Sai ranar nan a soro na gane kanta take ba wa haƙuri, mu muna dai sauraro ne. Kuma har ta rasu faifanta bai taɓa kwantai ba.

Washegari na kwashe zaren launi na ba maƙwabcina Habu. Na sayo farin yadi da baƙin zare, na zauna inda rana ta fi haske, na ja layin farko.