Yadda Yayata Ta Zama Ustaziya

Da sikila aka haifi yayata. Mu shida ne a ɗakinmu, ita kaɗai ta gado ta, takan ce ai ita ce babba, dole kasonta ya fi na kowa. In ciwon ya tashi mun san abin yi: ruwan ɗumi, tausa, in ya ƙi lafawa sai asibiti.

Muna zaune a unguwar Takur a Dutse, tana koyarwa a wata firamare, sai wani abu ya ɓullo mata da ba mu saba gani ba. Kumatunta da karan hancinta suka yi tabo, gashinta yana zubewa. Kakarmu ta rantse man bilicin ne, ta kwashe mayukan gidan kaf ta zuba a masai, har da man zafin Baba. An daɗe ana ɗora wa sikilar laifi, kafin wani likita a Kano ya ce wannan ciwo daban ne, sunansa lufus, jiki ne ke yaƙar kansa. Ya rubuta mata ƙwayoyi, ya hana ta shiga rana.

A Dutse kuwa ba inda mutum zai ɓuya wa rana. Sai ta ɗinka hijabi har ƙasa, ta ƙara da niƙabi da safar hannu. Lokacin an fara shari'a, unguwa ta yanke cewa Yaya ta zama ustaziya. Ita da kaset ɗin waƙoƙin Indiya ke cike a ƙarƙashin katifarta.

Mata suka fara zuwa da tambayoyi, tana kakkaucewa. Ran nan wata dattijuwar maƙwabciyarmu ta zo jin ko allura na karya azumi.

“Hajiya, wannan sai malamai,” in ji Yaya. “Amma in kina son sanin ma'aikaciyar da allurarta ba zafi, nan fannina ne.”

Ta ɗage niƙabin ta nuna mata fuskar, ta gaya mata komai. Hajiya ta yi dariya har da hawaye, sannan ta faɗi nata sirrin. Ashe jikanyarta ma sikila gare ta, suna ɓoyewa, suna ta jiƙa mata saiwoyi.

Kashegari ta kawo yarinyar. Yaya ta raka su asibiti da kanta, a inuwar lema, tana tafe tana koya wa yarinyar yadda ake yi wa likita bayanin inda ke ciwo.