Sandar Ilaitia a Bakin Kurmi

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, ina saman injin ɗaga kwantena a tashar jiragen ruwa labari ya iske ni cewa ka rasu, Ilaitia, taubashina, babban masuntan ƙauyenmu. Na daɗe ina kallon teku daga can sama, ina ganin kamar kwalekwalenka zai ɓullo.

Tun da aka ce za a faɗaɗa tashar muke sa-in-sa. Ni ina hango manyan jirage da aikin yi ga yaranmu. Kai kana hango kurmin bakin ruwa, inda iyayenmu mata ke kamun ƙaguwa, wanda sabuwar hanyar jirage za ta ratsa. Ba ka taɓa cewa a fasa aikin ba. Roƙonka ɗaya ne, a karkatar da hanyar ta bayan tsibiri. Kowace yamma in muka zauna shan yangona, jiƙon saiwar nan da muke sha a ƙauye, sai ka miƙo min ƙoƙo ka ce, "Sha, direban sama. Gobe ka ci kwantena da rogo."

Da na karye a ƙafa, wata uku kifinka bai yanke a gidana ba. Kana ajiyewa kana tsiya, wai ka zo ciyar da abokin gaba.

Ka tafi ba a amsa roƙonka ba, jirgin yashe ƙasan teku kuma ya riga ya iso. Washegarin jana'iza dattawa suka yi abin da ake yi in babba ya kwanta dama: aka kafa sanda mai ganyen kwakwa a ruwa, ba mai taɓa wurin sai bayan dare ɗari. Matarka Merewalesi ta ce kai ka zaɓi wurin tun kana da rai, daidai bakin kurmin. Kai, Ilaitia, har a kabari wayo!

Ma'aikatan jirgin 'ya'yan ƙauyuka ne irinmu. Suka ga sandar, suka kashe inji. Yanzu da asuba ruwan kwance yake lumui, har tsallen kifi ana ji. Kamfanin da ke aikin ya ce a sake zama a tattauna batun hanyar. Ban san yadda za ta kaya ba, kuma wallahi ina tsoro. Amma kujerarka a zaman ba za ta zauna wayam ba, na nemi hutu, ni zan je.

Allah ya ji ƙanka, ya sa ka huta. Merewalesi da 'yarku Salanieta, Allah ya ba ku haƙuri. Ni kuma ya ba ni bakin da zan faɗi maganarka yadda kake faɗinta.